Orka ta Bogi: Wace Dabba Ce, Kuma Me Ya Haɗa Ta da Sensar Wayarka?

Darasin yau ba sharhin waya ba ne kai tsaye, amma wanda ya karanta har ƙarshe zai ƙara fahimtar abubuwa biyu da muke yawan ambata a bidiyoyinmu. Na farko shi ne bambanci tsakanin kamannin abu da ainihin abin da ke cikinsa. Na biyu kuma shi ne yadda na'ura ke auna nisan abu ba tare da ta taɓa shi ba. Malamarmu a wannan darasi wata dabbar teku ce da aka laƙaba wa suna mai ɓatar da mutane.

A nan Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa a Guangzhou, babu tambayar da ake maimaitawa kamar "orijinal ne ko kwafi?" Daga shagunan ginin Tianxiu har zuwa lungunan da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Layi na 5, ita ce mabuɗin ciniki. To, a cikin teku ma akwai dabbar da ake yi wa kallon kwafi. Sunanta na Turanci yana nufin orka ta ƙarya. Sinawa ma haka suke kiranta, wei hu jing: wei na nufin jabu, hu jing kuma shi ne sunan orka a wajensu. Masana suna ce mata Pseudorca crassidens, don haka ni zan riƙa kiranta sudorka a taƙaice. Abin da nake so mu gane shi ne, wannan dabba ba kwafin kowa ba ce. Kama da wane ba ta wane.

Da farko: waɗannan ba kifaye ba ne

A Hausa mukan ce kifin dolfin, kifin orka, saboda duk abin da ke rayuwa a ruwa kifi muke kiransa. Amma dolfin, orka, sudorka da manyan dabbobin nan da ake kira wel duk masu shayarwa ne. Huhu ke gare su, sai sun taso saman ruwa su shaƙi iska ta ƙofar hancin da ke tsakiyar kansu. Haihuwa suke yi, su shayar da nono. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce wutsiya: ta kifi a tsaye take, yana kaɗa ta dama da hagu, tasu kuwa a kwance take, sama da ƙasa suke kaɗa ta.

Idan ka tambayi Bahaushe wace dabbar ruwa ce mai shayarwa, zai ce maka ayu, wanda ake samu a kogin Binuwai da na Kwara. To ayu ba danginsu ba ne, ya fi kusa da giwa. Binciken ƙwayoyin gado, wato DNA, ya nuna cewa a cikin dabbobin da ke raye yau, wadda ta fi kusa da dolfin da wel ita ce dorina. Shi ya sa masana suka sa su a babban rukuni ɗaya da saniya, akuya da raƙumi. Ka riƙe wannan, domin tun daga nan an fara nuna mana cewa siffar waje ba ta isa hujja ba.

Daga ina sunan ya fito?

A 1843 aka tono wani ƙoƙon kai a ƙasar fadama kusa da garin Stamford a Ingila. Masanin ƙasusuwa Richard Owen, wanda shi ne ya ƙirƙiro kalmar dainoso, ya yi bayaninsa a 1846. Ya ga faffaɗan kai da manyan haƙora masu kauri irin na orka. Kalmar crassidens ma ma'anarta kenan, mai kaurin haƙori. A lokacin ana zaton dabbar ta riga ta ƙare a duniya.

Sai a 1861 wasu suka maƙale a gaɓar Kiel, a tekun Baltik, aka ga ashe tana nan da ranta. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johannes Reinhardt, ya bincika gawarwakinsu, a 1862 ya ba ta sunan Pseudorca. Wato sunan bogi ya samo asali ne daga kamannin ƙashin kai da haƙora, tun kafin masana su san yadda dabbar ke rayuwa, kuma shekaru masu yawa kafin a iya karanta DNA. Kamar mutum ne ya ga murfin waya kawai, bai buɗe injin ba, ya yanke hukunci.

Gida ɗaya, ɗaki daban-daban

Ga abin da ya fi ba mutane mamaki: orka kanta dolfin ce. Ita ce mafi girma a cikin dangin dolfin na teku, dangin da masana ke kira Delphinidae, mai ɗauke da iri sama da 35. Sudorka ma a cikinsa take. Don haka tambayar "dolfin ce ko orka ce?" ba ta zauna daidai ba. Dukkansu dolfin ne.

Ku ɗauki misalin da muka sani. Tecno, Infinix da itel sunaye ne daban, farashi daban, siffa daban, amma duk daga kamfanin Transsion na Shenzhen suka fito. Haka dangin dolfin yake. Sai dai a cikin gidan akwai ɗakuna, kuma a nan ne labarin ya yi daɗi.

Da masana suka jera DNA na waɗannan dabbobi, sai suka ga reshen orka ya rabu da sauran tun da wuri, ta kama hanyarta ita kaɗai. Sudorka kuwa tana ɗaki ɗaya da wasu baƙaƙen dolfin masu dunƙulen kai marasa dogon baki. Ɗakin da ke maƙwabtaka da nasu shi ne na dolfin mai dogon baki, wanda muke gani a fim yana tsalle. A taƙaice, sudorka ta fi kusa da dolfin ɗin da ka sani fiye da yadda take da orkar da aka ce tana kwaikwayo.

Me ya sa to kawunansu suka yi kama? Saboda aikinsu iri ɗaya ne. Dukkansu suna kama manyan abubuwa masu ƙarfi, kuma wannan aiki yana buƙatar muƙamuƙi mai ƙarfi da haƙori mai kauri. Injiniya ya san wannan: ka ba kamfanoni biyu matsala ɗaya, sau da yawa za su fito da siffa mai kama da juna ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Shi ya sa kusan duk wayoyin zamani suka koma allo ɗaya mai faɗi da kyamarori a kusurwa.

Akwai kuma hujjar da ta fi ƙarfi. Ranar 15 ga Mayu, 1985, a gidan ajiye dabbobin ruwa na Sea Life Park da ke Hawai, wata dolfin mai dogon baki ta haifi 'ya wadda ubanta sudorka ne. Aka sa mata suna Kekaimalu. Irin uwarta na da haƙora wajen 88, irin ubanta wajen 44, ita kuma ta zo da 66. Daga baya ita ma ta haihu. Ku kwatanta da alfadari, ɗan jaki da goɗiya, wanda galibi ba ya haihuwa. Samun 'ya mai haihuwa alama ce ta kusancin jini sosai.

Yadda za ka bambance su da ido

- Launi: orka baƙa ce da fari, tana da farin tabo bayan ido da farin ciki. Sudorka baƙa ce ko toka-toka mai duhu kusan duk jikinta.
- Girma: namijin orka yakan kai mita 8 ko fiye. Namijin sudorka yakan tsaya wajen mita 6, macen kuma wajen mita 5.
- Fiffiken baya: na namijin orka a miƙe yake, yana kaiwa mita 1.8. Na sudorka gajere ne mai lanƙwasa kamar lauje.
- Fikafikan gefe: na orka faffaɗa ne kamar faifai. Na sudorka siriri ne, da wani tudu a gaba kamar gwiwar hannu. Wannan ita ce alamar da masana suka fi dogara da ita.
- Mazauni: orka tana ko'ina, har tekunan ƙanƙara. Sudorka ta fi son ruwa mai ɗumi kuma mai zurfi, nesa da gaɓa.

Zamanta da 'yan uwanta

Sudorka dabba ce mai zumunci. Abincinta manyan kifaye ne irin su tuna, kuma masu bincike a Hawai sun sha ganin ɗaya ta kama kifi ta miƙa wa ta kusa da ita, ya zagaya garke kafin a cinye. An ma ga suna miƙa kifi ga mutanen da ke ninƙaya. Matansu sukan haura shekara 60, kuma suna daina haihuwa tun da sauran shekaru a gaba. A cikin masu shayarwa, kaɗan ne aka tabbatar suna da wannan: ɗan Adam, orka, sudorka da wasu 'yan tsirarun danginsu na teku.

A arewacin ƙasar Niyu Zilan, masu bincike sun bi garken sudorka da na dolfin mai dogon baki tsawon shekaru, suka ga dabbobi iri ɗaya suna sake haɗuwa, suna tafiya tare, suna farauta tare. A wannan yankin ne kuma, a watan Maris na 2010, aka ga orka sun auka wa irin wannan gaurayen garke, suka kashe ɗan sudorka suka cinye. Wadda aka ce tana kwaikwayo ita ce ke farautarta.

Zumuncin nan yana da tsada. Idan wasu suka shiga ruwa maras zurfi, sauran sukan bi su. A 1946, sudorka 835 suka maƙale a gaɓar Mar del Plata ta Ajantina. A Fabrairun 2025, sama da 150 suka maƙale a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. Ana kuma rasa su a ƙugiyoyin masuntan tuna, domin sukan zo cin kifin da ƙugiya ta kama.

Injin da ke cikin kai

Yanzu mu shigo fagenmu. A cikin teku haske ba ya nisa, kuma ruwan gishiri yana shanye igiyar rediyo. Shi ya sa GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa. Abin da ke tafiya da kyau shi ne sauti. A iska gudunsa wajen mita 343 ne a daƙiƙa, a ruwan teku kuwa wajen mita 1,500.

Duk dangin dolfin da sauti suke gani, kuma tsarin yana da sassa uku kamar kowace na'urar sona:

1. Mai aikawa. A cikin hanyar hanci akwai wasu leɓɓa. Dabbar tana tura iska ta tsakaninsu, su riƙa fitar da gajerun ƙararraki, ƙas-ƙas-ƙas, da sauri.
2. Mai tattarawa. A goshi akwai dunƙulen kitse. Yana lanƙwasa sautin ya tura shi gaba, kamar yadda gilashin tocila ke tattara haske.
3. Mai karɓa. Amsa-kuwwar da ta dawo tana shiga ta kitsen da ke cikin muƙamuƙin ƙasa, ta wuce kunnen ciki, ƙwaƙwalwa ta yi lissafi.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Nisa shi ne gudun sauti sau lokaci, a raba biyu, saboda sautin ya je ya dawo. Idan amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 0.2, to 1,500 sau 0.2 ya ba mu 300, a raba biyu, kifin yana nisan mita 150.

Wannan shi ne ainihin abin da sensar LiDAR ke yi, wadda Apple ya sa a iPhone 12 Pro a 2020. Bambancin kawai, ita haske take aikawa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka idan bango yana nisan mita 1.5, hasken zai je ya dawo cikin kashi 10 na biliyan na daƙiƙa. Wahalar injiniyan waya ita ce ƙera agogon da zai auna wannan ɗan ƙanƙanin lokaci. Sensar da ke yi maka ƙara idan kana ribas da mota, da na'urar sikanin da ake duba mai ciki a asibiti, su kuma sauti suke aikawa kamar dolfin.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa sautin ya zama siriri sosai? Kunnen mutum yana tsayawa a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Dolfin yakan ji har sama da 100,000. Tsawon igiyar sauti shi ne gudu a raba da yawan kaɗawa. A ruwa, 1,500 a raba da 100,000 ya ba mu santimita 1.5. Gajeriyar igiya ce ke iya dawowa daga ƙaramin abu. Kamar yawan fiksel ne a kyamara: iya ƙanƙantarsu, iya fitowar hoto dalla-dalla.

Abin da Kina ta koya wa injiniyoyi

Yawancin abin da aka sani game da sonar sudorka daga wata guda ɗaya aka samo shi, mai suna Kina, wadda masu bincike na Jami'ar Hawai suka yi shekaru suna aiki da ita ƙarƙashin Paul Nachtigall. An horar da ita ta bambance bututun ƙarfe biyu waɗanda bambancin kaurinsu bai kai milimita 1 ba, da sauti kawai.

A 2012, Laura Kloepper da abokan aikinta suka nuna cewa Kina tana sauya faɗin sautin da take aikawa gwargwadon nisan abu da wahalar aikin, kamar yadda kyamara ke gyara fokas. A 2013 kuma Nachtigall da Alexander Supin suka nuna wani abu: idan aka yi mata gargaɗi da ƙaramin sauti kafin a saki mai ƙarfi, takan rage ƙarfin jin kunnenta da kanta kafin ƙarar ta iso.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo a gidan biki ya san matsalar. Makirfon yana ɗaukar magana lafiya, da an buga ganga sai sautin ya fashe. Wayoyi suna da tsarin da ke rage ƙarfin makirfon da kansa, amma galibi sai ƙarar ta fara shigowa yake amsawa. Kina kuwa tana ragewa tun kafin ta zo. Mu da ke karatun sarrafa sigina mun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Me ya shafe mu a nan Guangzhou?

Kayan da ake saye a Xiaobei, in ba a jirgin sama suka tafi ba, a kwantena ake loda su. Jiragen ruwa suna tashi daga tashoshi irin su Nansha, su fita ta bakin Kogin Lu'ulu'u, wanda Sinawa ke kira Zhujiang, su nufi Apapa ko Kwatano, daga nan kaya su hau tirela zuwa Kano, Katsina ko Maraɗi. To a wannan bakin kogin ne farin dolfin na Sin, Sousa chinensis, yake da garkensa mafi girma da aka sani a duniya, wajen 2,000. Ana haifarsa da duhun launi, idan ya girma ya koma fari mai ratsin ruwan hoda. Shi ne tambarin bikin mayar da Hong Kong hannun Sin a 1997, kuma an keɓe masa yankin kariya na ƙasa a 2003.

Wannan farin dolfin yana ɗaki ɗaya da dolfin mai dogon baki. Ke nan shi ma ya fi kusa da sudorka fiye da orka. Ita kanta sudorkar takan leƙo yankin jefi-jefi: a 2014 da 2020 an ga garke mai kusan 100 a ruwan Hong Kong.

Ruwan bakin kogin nan gurɓatacce ne da laka, ido ba ya aiki sosai, sai kunne. Kuma yana cikin hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya. Farfelar jirgi idan tana juyawa da sauri tana haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa da ƙara. Ga kafa turakun gine-gine, irin na gadar Hong Kong zuwa Zhuhai da Makawo mai tsawon kilomita 55 da aka buɗe a Oktoban 2018. Ga dabbar da ke gani da sauti, hayaniya hazo ce. A yaren injiniya, sigina tana nan yadda take, amma hayaniya ta ƙaru, sai nisan da sonar ke kaiwa ya ragu. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jiragen fasinja masu gudu tsakanin Hong Kong da Makawo, masu bincike sun ba da rahoton ƙarin ganin dolfin a wuraren da jiragen ke bi.

Maganin ma aikin injiniya ne. A shekarun 1990, lokacin ayyukan sabon filin jirgin saman Hong Kong, an gwada shimfiɗa tiyo mai huji a ƙasan ruwa kewaye da wurin da ake kafa turaku, aka riƙa tura iska ciki. Kumfar da ke tasowa ta zama labule. Sauti ba ya ratsawa da sauƙi daga ruwa zuwa iska, don haka wani kaso na ƙarar yakan tsaya a ciki. Ana amfani da wannan dabara har yau a wurare da dama. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta fitar da shawarwarin rage ƙarar jirage a 2014, ta sabunta su a 2023, amma shawara ce, ba doka ba.

Kuma ba matsalar Sin kaɗai ba ce. Farin dolfin yana da ɗan uwa na kusa, Sousa teuszii, wanda babu shi ko'ina sai gaɓar yammacin Afirka, har da ruwan Najeriya. Tun 2017 yana cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Jirgin da ya ɗauko wayarka ya tashi daga gidan ɗaya ya sauka a gidan ɗayan. Duk wanda cikinku ke tunanin karatun injiniyan lantarki ko na kwamfuta, ga fage nan: makirfon na ƙarƙashin ruwa mai araha, da manhajar da za ta saurari sautin ta gane wace dabba ce ta wuce.

Aikin gida

1. Sudorka ta aika sauti, amsa-kuwwa ta dawo bayan daƙiƙa 0.4. Kifin yana nisan mita nawa?
2. Sauti mai kaɗawa 50,000 a daƙiƙa, nawa ne tsawon igiyarsa a ruwan teku? A iska fa?
3. Tsakanin orka da farin dolfin na Kogin Lu'ulu'u, wanne ya fi kusa da sudorka, kuma da wace hujja?

Ku gwada da biro da takarda kafin ku taɓa kalkuleta. A darasi na gaba zan kawo amsoshin, sannan mu buɗe ƙaramar sensar auna nisa irin wadda ake haɗawa da Arduino, mu ga yadda take yin wannan lissafin a aikace. Sai mun haɗu.